Kwana Ɗaya a Paoay, Inda Aka Yi Gini Saboda Girgizar Ƙasa

Bayan isha'i motarmu ta tashi daga Manila, ba mu shiga birnin Laoag ba sai da rana ta fito. Sanyin na'urar motar kuwa ya fi na hunturun Jos, ga shi ban ɗauko rigar sanyi ba, sai na lulluɓe da sallayata har gari ya waye. Daga Laoag na hau jifni, irin doguwar motar hayarsu mai ado kamar amarya, zuwa garin Paoay da ke arewacin ƙasar Filifin, don in ga tsohon cocin garin.

Ni magini ne ɗan magini, kuma abin da ya kai ni ke nan. Kwana biyu kafin nan na shiga cocin San Agustin da ke cikin ganuwar tsohon birnin Manila, wanda aka kammala a 1607, kuma shi kaɗai a cikin coci-cocin cikin ganuwar ya tsira daga ruwan bama-baman 1945. Rufinsa ya yaudare ni. Na rantse sassaƙa ce, ashe zane ne kawai a shafaffen rufi. Ba nisa da wurin akwai sansanin Santiago, inda katangar Raja Sulaiman take a da, sarkin Musulmin da Turawan Sifaniya suka tarar a Manila kafin su kafa mulkinsu a 1571. Na daɗe a tsaye a nan ina nazari.

Amma Paoay ce ta kama ni. Kowa da ya sauka gaban cocin yake nufa don ɗaukar hoto, ni kuwa na zagaya ta gefe. Madogarai 24 ne suka tokare bangon, kowanne ya yi kaurin ƙaramin ɗaki, an nannaɗe kansu kamar katantanwa. An kammala ginin a 1710, a ƙasar da girgiza ba baƙuwa ba ce, don haka maginan suka bar tsayi suka kama kauri. Hasumiyar ƙararrawa ma sun ware ta can gefe, ta yadda ko ta faɗi ba za ta danne cocin ba. Wannan dabara ta burge ni fiye da duk wani ado.

Na dafa bangon. Ƙasansa dutsen murjani ne da aka yanko daga teku, har ana ganin ƙananan ramukan halittun da suka yi shi, samansa kuma jan bulo. Ciyawa ta tsiro a tsagogi. Wani dattijo da ke shara ya ga ina murza ƙasar ginin a yatsuna, sai ya matso. Na gaishe shi da “Manong”, yadda suke girmama babba a yankin. Ya ce kakanninsu sun ce da ruwan rake aka kwaɓa farar ƙasar. Na ba shi labarin makubar da ake shafe ginin ƙasa da ita a wajenmu, muka yi ta gyaɗa wa juna kai, Turancinmu duka a karye.

A allo an rubuta sunayen limaman ɗariƙar Agustin da suka jagoranci aikin. Waɗanda suka ɗauko dutsen fa? A zamanin akwai dokar aikin tilas da ta ɗora wa maza ’yan ƙasa kwana 40 a shekara. Daga baya jikokinsu suka hau wannan hasumiya suna leƙen sojojin Sifaniya a tawayen 1896. A 1993 hukumar UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya tare da na Manila da na garuruwan Santa Maria da Miagao, amma mutanen gari ba su mai da shi gidan kallo ba. Ina nan aka shigo da jariri za a yi masa baftisma, dangi sun ci ado, na ja gefe na ba su wuri.

Yunwa ta kora ni Batac, gari na kusa, inda ake soya wani abu mai ruwan goro da suke kira empanada. Na tambayi mai suyar abin da ke ciki, ta ce ɗanyar gwanda, ƙwai da tsiran alade. Na ce a'a, na wuce na sayi ayaba da ruwan kwakwa, na zauna jiran motar dare.