Saƙon Godiya Ga 'Yan'uwa a Malumfashi da Tamale

Ni da uwargidana da 'ya'yanmu muna miƙa godiya ga Ubangiji, sa'an nan ga dukan waɗanda suka tsaya tare da mu tun daga daren da labarin rasuwar Baba ya iske mu a Tamale har zuwa ranar da aka sa shi a makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi.

Shekara 14 ke nan da ekklisiya ta ɗora mana hannu ta aike mu aikin bishara a arewacin Ghana, cikin Dagombawa. A tsawon shekarun nan, duk lokacin da na ce "gida" Malumfashi nake nufi, kuma ban taɓa zaton kalmar za ta rikita ni ba sai a wannan tafiya.

Godiyarmu ta fari ga ƙaramar ekklisiyarmu ta Tamale ce, wadda yawancin mutanenta manoma ne. Kafin gari ya waye sun cika tsakar gidanmu, suka zauna a kan benci ba tare da yawan magana ba, kuma wata dattijuwa da ta koya wa uwargidana Dagbanci ta kwance bakin zanenta ta ajiye 'yan kuɗin sidi a tafin hannuna, ta hana ni buɗe baki. Da irin wannan baiko aka haɗa kuɗin motar da ta bi da mu ta Kumasi da Akra, muka ƙetare iyaka a Aflao, muka ratsa Lome da Kwatano, muka shigo ta Seme, daga Legas kuma muka miƙe zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa.

Dattawa biyu ne suka rako mu a madadin ekklisiya, suka sha wannan doguwar hanya ba ƙorafi. Hausarsu ta zangon Ghana ce, wadda ba ta raba namiji da mace, saboda haka da ɗayansu ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ce, "Mama, ka yi haƙuri," sai ta dube shi ta yi murmushi, kuma ƙannena sun shaida cewa shi ne murmushinta na farko tun rasuwar. Dattijo, Allah ya saka maka da alheri, ko da yake har yanzu ba ka san abin da ka yi ba.

Muna godiya ga Rabaran da majalisar dattawa da suka ɗauki nauyin jana'iza, da Zumuntar Mata da suka kwana suna waƙa da kiɗan tulu, gari ya waye suka koma bakin murhu suna tuƙa tuwon dawa. Haka kuma danginmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suka taya matasa haƙa kabari, suka zauna zaman makoki tare da mu.

Ranar Lahadi, da mai sanarwa ya ce baƙi su miƙe a gaishe su, wani saurayi mai nuna wurin zama ya taɓa kafaɗata cikin ladabi, a majami'ar da Baba ya ɗauki jinkarta a kansa tun ina yaro. Ban ga laifinsa ba, domin yana goye aka aike mu. Da yamma kawuna ya gaishe ni, sai na ji bakina ya amsa da "Naa" irin ta Dagombawa, jama'a suka yi dariya. A daren nan kuma autanmu, wanda aka haifa a Tamale, ya tambaye ni yaushe za mu koma gida, na rasa amsar da zan ba shi a ɗakin da aka haife ni. Rabaran ya yi wa'azi daga Markus sura 10, a kan gidaje da uwaye da 'yan'uwa da ake ƙara wa wanda ya bar nasa saboda bishara, kuma na saurare shi ina kallon dattawan nan biyu a gefen kawunnaina.

Ba mu manta da maƙwabcinmu na Tamale ba, Alhajin da ke riƙe da makullin gidanmu, yana ba zabinmu hatsi, yana kuma bugo waya kowace safiya.

Za mu kama hanya bayan mako 2, in Ubangiji ya yarda. Muna roƙon 'yan'uwa a Malumfashi ku riƙa leƙa Mama, musamman da yake damina ta ƙarato kuma gonar Baba ba a yi mata sharar ba tukuna.