Wasiƙa Daga Praia: Yadda Ƙwallo Ta Tara 'Ya'yan Cape Verde

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Ina rubuto muku ne daga Praia, babban birnin Cape Verde, ƙasa mai tsibirai goma a tekun Atlantika, yamma da Senegal, wadda mutanenta ba su kai dubu 600 ba. Ranar 13 ga Oktoba 2025 'yan wasanta suka ci Eswatini 3-0, suka samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026 a karon farko, suka bar Kamaru a baya cikin rukuninsu. Gwamnati ta ba ma'aikata hutun rabin yini domin kallon wasan, kuma nasarar ta faɗo a shekarar da ƙasar ta cika 50 da samun 'yanci daga Portugal.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutanen da suka sa rigar ƙasar. Fari da yunwa, musamman a shekarun 1940, sun daɗe suna korar mutanen tsibiran nan zuwa Amurka da Portugal da Holland, har ta kai waɗanda ke waje sun fi na gida yawa. Dailon Livramento, wanda ya ci Kamaru a watan Satumba kuma ya buɗe cin ƙwallo a wasan Eswatini, a birnin Rotterdam na Holland aka haife shi. Mai tsaron baya Roberto Lopes kuwa haifaffen Dublin ne, mahaifiyarsa 'yar Ireland, kuma ta LinkedIn, shafin intanet na neman aiki, aka fara gayyatarsa ya buga wa ƙasar wasa. Ban ji wanda ya kira su baƙi ba. A nan ɗan da ya tashi a ƙetare ɗan gida ne, muddin ya amsa kiran ƙasar iyayensa. Wannan ya sa ni tunanin yaran da aka haifa a biranenmu, suka girma a cikinsu, amma har yau ake hana su takardar shaidar ɗan asalin jiha.

Ba zan ɓoye muku sauran gaskiyar ba. Babban filin wasan da aka yi wannan murna a cikinsa China ce ta gina shi, kuma akasarin 'yan wasan a ƙungiyoyin waje suke taka leda, domin yaro mai baiwa a nan sai ya bar gida kafin ya ci abinci da ƙafarsa. Wata biyu kafin wasan, ambaliya ta yi ɓarna a tsibirin São Vicente, ta kashe mutane, kuma murnar ƙwallo ba ta gina wa kowa ɗaki ba. Fatana shi ne kuɗin da FIFA za ta biya ya isa filayen unguwanni, kada ya ƙare a ofisoshi.

A gasar cin kofin duniyar, an haɗa 'yan wasan Cape Verde rukuni ɗaya da Spain da Uruguay da Saudiyya. Ina roƙonku ku mara musu baya.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Praia.