Juma'ar da muka sa Yaya a tele

Juma'a, dare. Kuran ya ɗauke bayan isha'i, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Ina zaune a tsakar gida kan tabarmar Inna, na lulluɓa da zane biyu saboda hunturun nan, saura kashi 23 na cajin waya. Na kwanta sau biyu barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na tashi in rubuta.

Da safe komai lafiya lau. Famfo ya kawo ruwa da asuba, abin da ya kwana biyu bai yi ba, muka cika randuna da jarkoki ba tare da jiran ɗan ga-ruwa ba. Na yanka yadin da na sayo jiya a kasuwar Dole, na gama wuyan rigar amaryar nan, saura hannu. Har waƙa nake yi a kan keke.

Dabarar tawa ce, wannan dole in faɗa tun farko. Kun san telen da Kawu ya kawo mana daga Kano kafin Babbar Sallah, mai inci 43. Tun da ta zo, labarai da wa'azi kawai ake kallo a cikinta. Makon jiya Auta ya ce mini ai tana da wifi a cikinta, duk abin da ke kan waya ana iya jefa shi a kanta ba tare da an jona komai ba. Ina jin haka zuciyata ta tafi wurin Inna. Tun da yanar nan ta fara rufe mata idon hagu, in Yaya ya kira ta bidiyo sai ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da hanci, ta nisanta ta, ta ce "na gan shi," ta miƙo mini. Ni kuwa na san ba ta gan shi ba, inuwa ta gani. Shekara uku ke nan rabonta da fuskarsa.

Juma'a ce ranar hutunsu a Aljeriya, don haka muka yi da shi zai kira bayan la'asar. Ban gaya masa maganar tele ba. So nake ya zama abin farin ciki ga kowa.

Auta na dawowa daga masallaci muka zauna a kai. Ya ja allon wayata daga sama, ya nemo wata alama mai kama da tele da ƴan layuka a kusurwa. Ya ce kowace waya da sunan da take kiran abin, a Samsung Smart View ne, a iPhone AirPlay, amma aikin ɗaya ne. Ya danna. Waya ta yi ta nema, ta yi ta juyi, ba ta ga kowa ba. Ya kashe tele ya kunna. Shiru. Ya kashe waya ya kunna. Shiru. Kusan rabin awa muna abu ɗaya, ni ina ta duba agogo.

Ashe laifin namu ne. Wayata ta maƙale a wifin gidan Hajiya, don tun lokacin bikin ƴarta aka sa mini lambar sirrinsu, ita kuma tele tana kan namu. Auta ya ce sai sun kasance a kan wifi ɗaya za su ga juna, kamar mutum biyu ne kowa a zaurensa, duk kiran da za su yi ba mai jin wani. Ya mayar da ni kan namu, nan take sunan tele ya fito. Ita ma ta tambaya ko a yarda, ya amsa mata da telekomandi, sai ga fuskar wayata baro-baro a bango, har hoton da na sa a gaba.

Amma tana tsinkewa. Hoto ya tsaya, ya farfashe, ya dawo. Ɗan akwatin wifin yana ɗakina ne, tele tana falo, tsakaninsu katangar ƙasa irin ta gidajen Birni, wadda kaurinta ya fi kamu guda. Auta ya bayyana mini cewa akwatin layi biyu yake fitarwa, mai 2.4 da mai 5. Mai 5 ya fi sauri amma ba ya jure katanga, mai 2.4 ya fi nisan zango amma a hankali yake, ga shi duk makwabta a kansa suke cunkushe. Maganin dai shi ne a kawo akwatin kusa. Muka ciro shi da sharjonsa, muka ɗora shi kan tagar falo inda reso ya fi kamawa. Hoto ya zauna.

Ya ƙara koya mini wani abu da ban sani ba, kuma ina ganin zai amfani wasunku. Hanya biyu ce. In YouTube ne, alamar da ke cikin bidiyon ake dannawa, tele ta ɗauko shi da kanta daga intanet, waya ta zama telekomandi kawai, kina iya sa ta a aljihu. Amma kiran WhatsApp sai ta hanyar madubi, wato duk abin da ke fuskar waya shi ke fita a tele, har saƙon da ya shigo. Ga cin caji, ga ɗumama waya. Shi ya sa ya jona ta a wuta, ya kuma rufe shigowar saƙonni. "Yaya, kada asirin wani ya tonu a falo," in ji shi. Na ce masa ya kyauta. Wallahi a lokacin ban yi tunanin komai ba.

Inna ta shigo da ƴar kujerarta da faifan zogalen da take tsinka. Ta zauna can gefe, kamar wadda ta zo wucewa. Wanda ya san ta ya san haka take da Yaya. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da na yi wayo, "yayanku" kawai, kuma ba ta taɓa cewa a kira mata shi ba.

Ƙarfe huɗu da rabi ya kira. Na ɗauka, sai ga fuskarsa ta cika bango.

Inna ta ajiye faifan.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya sanyi?"

Ya ce sanyi sai godiya, da dare har sai an hura wuta. Tamanrasat a kan tudu take, sama da mita 1,300, kullum yana cewa hunturun Damagaram wasa ne a kan nasu. Muryarsa daga waya take fitowa, bakinsa a tele yana biyo baya da ɗan jinkiri, amma ba wanda ya damu. Sai ya ce me ya sa Inna take kallon wani wuri, gefen fuskarta kawai yake gani. A nan ne na gaya masa mun sa shi a tele. Ya yi shiru kaɗan, ya ce "to." Auta ya ɗauki wayar ya jingine ta da gwangwanin madara a ƙasan tele, don in ta kalli allo ya zama shi take kallo. Ta jawo kujerarta gaba. Ban taɓa ganin ta matsa kusa da shi haka ba, ko lokacin da yake gida.

Minti biyar na farko, ni dai na ce alhamdu lillahi. Ya tambayi Baba Ƙarami, ya tambayi gonar hanyar Mirriya, ya tambayi ko akuyar ta haihu. Auta yana ta dariya. Inna ba ta cewa komai, kallo kawai take, daga goshinsa zuwa haɓa, ta sake komawa sama.

Sai ta juyo wurina, ba wurinsa ba, ta ce, "Ce wa yayanku ya ɗago ɗaya hannun."

Ya ji ta sarai. Ni ma na ga abin da ta gani. A fuskar waya, farin ƙyallen da ya zagaye wuyansa kamar bakin singileti yake. A inci 43 kuwa kowa ya san majanyin rataye hannu ne, har ƙullin ana gani. Ga ƙashin wuyansa a waje, ga kumatu sun faɗa.

"Ɗan targaɗe ne, Inna."

"Targaɗe ba ya ramar da mutum haka."

Wannan karon da shi take magana kai tsaye. Ya sunkuyar da kai. Ya ɗago hannun kaɗan, ɗaure tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ya ce ya faɗo ne daga katakon da suke takawa suna filasta, amma an ɗora, yana samun sauƙi, nan da mako biyu za a kwance. Ta ce yaushe. Ya ce an ɗan kwana biyu. Ta ce wa ke dafa masa abinci. Ya ce yaran Kance da suke ɗaki ɗaya. Ta ce, "Allah ya ba da lafiya. Allah ya yi maka albarka." Ta ɗauki faifanta ta fita. Ya zauna yana kallon kujerar da ta tashi, mu kuma muna kallonsa a bango, babba, ba abin da ya ɓuya. Ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Na san ba haka ba ne.

Mako bakwai ke nan da faɗuwar. Na sani tun kwana na biyu. Ya haɗa ni da Allah kada in gaya mata, saboda hawan jininta, na kuma yarda don ni ma haka na gani ya dace. Wata biyu bai aiko da komai ba, ina zai samu. Na kwashi adashena na ba ta kashi biyu, kowane karo na ce daga yayanmu ne.

Bayan magariba ta aiko Auta ya kira ni ɗakinta. Tana kan sallaya, carbi a hannu, fitilar caji a gefe.

"Kuɗin geron watan nan, na wane ne?"

Na ce nawa ne.

"Na watan jiya fa?"

Na ce shi ma.

Ta ce ta sani tun ranar farko. Kuɗinsa in na karɓo su daga wurin aike, jika goma-goma suke zuwa, masu ƙarfi, suna ƙara a hannu. Waɗanda na ba ta kuwa jika-jika ne da ɗari biyar-biyar da suka sha hannun mata, har ƙanshin turaren wuta suke. Ido ne ya raunana, in ji ta, hannu da hanci suna nan.

Abin da ta faɗa bayan nan shi ya hana ni barci. Ta ce ta san akwai abu, amma ba ta san mene ne ba, kuma ba ta iya tambaya. Kullum in ta ji a rediyo an sauke mutane a bakin iyaka sun tako da ƙafa zuwa Assamaka, sai ta ce yana cikinsu. In ya kira ta ji muryarsa, sai ta ce to ko ɓoye yake a wani ɗaki. Ta yi tunanin kurkuku, ta yi tunanin ciwon da ba a faɗa. Azumin Litinin da Alhamis da na ga ta ƙara, na ɗauka na lada ne kawai, ashe na shi ne. "Karaya ce kawai," in ji ta, sau biyu. "Karaya ai ana ɗorawa."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce ta yafe mini, ta ce ba abin yafewa, in tashi in zuba wa Auta tuwo. Har na kai ƙofa ta ce, "Juma'a mai zuwa ma ki haɗa."

Tuwon gero da miyar kuka. Ba wanda ya ci na kirki. Hajiya ta aiko a tambayi rigar amarya, na ce Lahadi.

Wajen tara da rabi saƙonsa ya shigo, na murya, daƙiƙa 40. Na kai wayar kunne na saurara a bayan ɗaki. Bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗagawa. Ya ce da na gaya masa, da ya sa babbar riga ya rufe. Ya ce shekara uku yana ƙoƙari kada ta gan shi cikin wani hali, yau na shimfiɗa shi a bango kamar hoton kalanda, har Auta yana kallo. Ya ce ya san alheri na nufa. Ya ce don Allah kada in ƙara sa shi a tele sai ya warke ya murmure.

Yana da gaskiya. Jikinsa ne, sirrinsa ne, kuma na ɗauki alkawari. Ban karya shi da baki ba, amma ni na ɗauko akwati na kai taga, ni na ce a matso da kujera. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya, da na tuna majanyin nan, don ni na saba ganinsa har na daina lura. Sai dai kuma ina tuna yadda kafaɗun Inna suka sauka lokacin da take cewa karaya ce kawai. Wata biyu ban ga ta zauna haka ba. Shi bai ga wannan ba, kiran ya riga ya yanke. Na fara ɗaukar masa saƙo sau uku in gaya masa maganar Assamaka da azumin, ina gogewa, don ban san ko zai sanyaya masa rai ba ko zai ƙara masa nauyi, yana can shi kaɗai da hannu ɗaya.

Ɗazu kafin ya kwanta Auta ya tambaye ni ko ya mayar da akwatin wifi ɗakina. Na ce ya bar shi a tagar tukuna. Tarin Inna nake ji daga ɗakinta, ita ma ba ta yi barci ba. Saura kashi 9.