Sharhin gefe idan ya bar shafinsa

Aikin da ya fi koya mini XSLT, harshen kwamfuta na sauya fasalin fayilolin rubutu, shi ne kwashe sharhin gefe daga tsakiyar nassi zuwa ƙarshen babi. Rubutun hannu ne na ajami, waƙar wa'azi, masu karatu na da sun yi ta ƙara bayani a gefen takarda, wani da Larabci wani da Hausa. An shigar da shi kwamfuta bisa tsarin TEI na sa wa nassi alamomi, wanda aka aza harsashinsa a 1987, kuma kowane sharhi an sa shi cikin alamar note daidai kusa da baitin da yake magana a kai. Ga mai nazarin rubutun hannu haka ya fi. Ga mai karatu a waya kuwa, bayani ya shiga tsakanin ɗango da ɗango har waƙar ta daina jin daɗin bi.

Abin da na fara fahimta shi ne XSLT ba ya ɗaga komai daga inda yake. Fayil na asali karanta shi kawai yake yi, sannan ya gina sabo. Saboda haka kai sharhi ƙasa aiki biyu ne: ƙa'ida ɗaya ta ce in an iso note a cikin baiti kada a rubuta ta, a bar lamba, wata kuma a ƙarshen babi ta kirawo duk sharhin da ke cikinsa. In babu ta farko sharhi ya fito sau biyu. In babu ta biyu ya ɓace, kuma Saxon, manhajar da ke gudanar da XSLT, ba zai ce uffan ba, domin a wurinsa ba a yi laifi ba. Amfanin mode ke nan, alama guda a bi da ita ta hanya biyu. Sauran nassin da ba a son taɓawa, tun XSLT 3.0 na 2017 layi ɗaya na xsl:mode ya isa ya kwafe shi yadda yake. A wurin kiran kuma na fi yarda da umarnin apply-templates, wanda ke bi da sharhin ta ƙa'idojin da aka rubuta, bisa copy-of, domin copy-of yana ɗauko sharhin ɗungurungum, taƙaitattun kalmomin da ke cikinsa ba za a buɗe su ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne abin da sharhin ya gada daga wurin zamansa. Ɗauki harshe. Muƙaddimar littafin Larabci ce, an rubuta alamar harshe, xml:lang, sau ɗaya a kan sashen gaba ɗaya, duk sharhin da ke ciki ya gaji wannan ba tare da an sake faɗa ba. Da zarar ya koma ƙarƙashin sashen da aka yi wa alamar ha-Arab, wato Hausa da haruffan Larabci, a wurin kwamfuta ya zama Hausa. Ido ba zai kama ba, tunda duka biyun da haruffan Larabci ne. Sai ranar da wani ɗalibi ya nemi jerin kalmomin Hausa na littafin ya tarar da jimlolin Larabci a ciki. Maganinsa shi ne tun kafin tafiya a duba sama, a ɗauko harshen sashe mafi kusa da ya ƙunshi sharhin, a rubuta masa a jikinsa.

Haka lambar shafi. Alamar pb ba ta ƙunsar komai, tsayawa kawai take yi a inda takarda ta juya, sharhi kuma yana sanin shafinsa ne ta pb da ta gabace shi. Littattafanmu na hannu yawanci warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke ba, don haka sharhin da ba a san warƙarsa ba ya yi rabin amfaninsa. Abin daɗi shi ne muddin ana cikin zagaye ɗaya, asalin yana nan bai motsa ba: ana iya tambayarsa shafi, kuma xsl:number zai ba da lamba iri ɗaya a cikin baiti da a ƙarshen babi. In aka raba aikin zagaye biyu, na biyun ba ya ganin asalin, sai abin da na farko ya ɗaura wa sharhin.

Mahaɗar komawa ga baiti ma tana da tarko. Sunan da XSLT ke ƙirƙira wa sharhi da kansa ta generate-id ba a lamunce zai dawo daidai in an sake gudanar da aikin ba, sai wanda ya ajiye adireshin wani sharhi ya dawo ya ga ba ya kai shi ko'ina. Gara kowane note ya samu xml:id nasa, wato suna na dindindin, tun a fayil na asali.

Akwai masu cewa a huta, a kwashe sharhin da hannu a cikin fayil ɗin TEI kansa. Ban yarda ba. Wurin da malami ya sa alƙalaminsa shaida ne, kuma wannan bugu na masu karatu a waya ba shi ne bugu na ƙarshe ba. Ni dai bayan kowane gudu ina ƙirga note a asali da a sabon fayil, in lambobin sun saɓa ba na miƙa aikin.