Alhamis, ɗan Hauwa da maganar kafur

Yau ban buɗe shago ba. Tun bayan asuba Hauwa ta kira ni, wai yaron ya ƙi kama nono tun dare, sai barci yake. Kwanansa huɗu a duniya. Na iske ɗakin cike da 'yan barka, labule a sake, turaren wuta ya turnuƙe, kowa na yaba hasken yaro, wai na ubansa ya ɗebo. Na fito da shi tsakar gida, na danna karan hancinsa da yatsa na saki, sai wurin ya fito ruwan ɗorawa. Na danna ƙirji, haka. Ciki ma haka. Farin idonsa ya rine.

Goggo, kakar yaron, tana zaune bakin murhu tana lura da ruwan wankan jego. Ta ce, "Ke Asabe, shawara ai ba baƙuwa ba ce. Duk 'ya'yana sun yi. A shanya shi a hantsi, a ɗiga masa ruwan gulukos, kafin suna ta washe."

Na ce, "Goggo ku yi haƙuri, wannan ta sauko har ciki, kuma ba ya shan nono. A bari likita ya gani."

"Mai jego ta fita kafin suna? A gidan nan?"

Gaba ɗaya tsakar gidan aka yi tsit. Ni kuwa abin da ya ɗaure min harshe, ba ƙarya ta faɗa ba. Jarirai kusan 6 cikin 10 suna yin shawara a makon farko, bakwaini ma sun fi haka. Ana haihuwar yaro da jini mai yawa, tsofaffin ƙwayoyin suna fashewa su saki wani sinadari rawaya, bilirubin, ita kuma hanta ba ta gama ƙwari ba balle ta kwashe shi da sauri. Irin wannan takan fito kwana na 2 ko na 3, ta washe cikin mako biyu. Ita Goggo ta sani. Wadda ba a iya bambancewa da ido ita ce mai hawa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko jikinsa a sanƙare har ƙarshen rayuwa. Kuma lokacin da take ƙamari shi ne daidai kwanakin nan da muke cewa mai jego ba ta leƙa ƙofa.

Yaya Sani ne ya raba gardamar. Bai ce komai ba, ya fita ya tare a-daidaita-sahu. Goggo ta juya baya tana ƙara itace.

A asibiti an ɗebi jini a dunduniyarsa. Likitar ta ce ya kai matakin da sai an sa shi a haske, amma da sauran tazara kafin a yi maganar canjin jini. Na yi hamdala a fili. Aka tuɓe shi sai kunzugu, aka rufe masa ido, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Hasken ne ke sauya sinadarin yadda zai fita ta kashi da fitsari. Ta ce Hauwa ta riƙa ba shi nono aƙalla sau 8 a yini da dare, in bai kama ba ta tatsa a ba shi. Ban da ruwa, ban da gulukos, ban da jiƙo. Rana tsagwaronta kuma tana ƙona fatar jariri, ta busar masa da jiki, ga shi ana ɓata lokaci ana jiran ta yi aiki.

Sai ta shiga tambayoyi. Rukunin jinin uwa? O ne, an tura na yaron a duba, don in ya zo A ko B jinin kan iya saɓawa. Ya fara tun ranar haihuwa? A'a. Kashinsa fari ne? A'a. Can ta ɗauki shawul ɗinsa ta shinshina, ta dube mu.

"Kuna sa kafur a kayansa?"

Ni da Hauwa muka haɗa ido. Tun cikin yana wata bakwai Goggo ta wanke kayan jaririn nan da hannunta, ta ninke, ta jera a akwati, ta zuba kafur a kowane lungu don kyankyasai. Likitar ta ce akwai wani rashi da ake gada a jini, G6PD, ya yi yawa a ƙasar nan, ya fi kama 'ya'ya maza. Mai shi ko warin kafur ya shaƙa, ko aka shafa masa man zafi ko lalle, jininsa na iya fashewa da yawa lokaci guda. Za su gwada shi, ta yiwu ma a maimaita gwajin bayan 'yan watanni don a tabbatar. Kafin nan a fitar da kafur, a sake wanke kayan kaf.

Na dawo gida bayan isha'i. Mubarak ya ƙona shinkafa. Ɗinkin ankon suna na nan a kan keke, ko kallonsa ban yi ba. Sai ɗan maƙwabtanmu na dā nake ta tunawa, wanda ya kai shekara biyar ba ya zama da kansa, ana ta cewa iska ce. Uwarsa ta taɓa gaya min idonsa ya yi rawaya kafin suna.

Gobe da safe za a sake ɗibar jini. Yaya Sani ya ce shi zai yi wa Goggo maganar akwatin. Na ce a'a, ya bar min. Shi gatsal zai faɗa, ita kuwa za ta ji kamar an ce ita ta cuci jikanta. Zan je da sassafe da sabulu da bokiti, in roƙe ta ta taya ni wankin.