Katanga a cikin suwic

Shekara tara ke nan ina haɗa netwok a ofisoshi da otal-otal a Kano, ni da yarana uku. Jan kebul kowa zai iya koya cikin wata guda. Inda aikin yake shi ne sanin wace na'ura za ta shiga wane rami a jikin suwic, wato akwatin da ake cusa kebul ɗin duk na'urorin a jikinsa don su haɗu.

Wani otal da aka kira mu, mun tarar da wayoyin baƙi da kwamfutar akanta da kyamarori duk a netwok ɗaya. Duk wanda aka ba lambar Wi-Fi, in yana da ɗan wayo, zai iya kaiwa inda ake lissafin kuɗi. Na ce wa mai wurin, "Alhaji, ɗakunanka babu katanga." Ya ce, "To injiniya, gina mini."

Katangar ita ce VLAN, wato saitin da ke raba netwok ɗaya zuwa sassa daban-daban, kowanne da lambarsa, kuma sai suwic mai saiti, irin na Cisco ko MikroTik ko TP-Link, ke iya ta. Lambobinta daga 1 zuwa 4094 ne, amma uku suka ishe mu: 10 ta ofis, 20 ta kyamarori, 30 ta baƙi. Ramin da firinta ko kwamfuta ke ciki, lamba ɗaya tak muke ba shi, ita na'urar ba ta ma san an killace ta ba. Kebul ɗin da ya tafi rauta (na'urar da ke haɗa mu da intanet) ko suwic na bene na biyu kuwa, shi ke ɗauke da duka ukun, kowane saƙo da ɗan tambarinsa mai nuna VLAN ɗin da ya fito. VLAN 1 da kowane rami ke fitowa da ita daga kamfani, ba na barin komai a kanta.

A wannan aikin na yi kuskuren da har yau yake damuna. Mun gama wajen magariba, komai na tafiya, na manta ban adana saitin ba. Da dare aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi suwic ya mutu, ya dawo kamar sabo. Da asuba manaja ya kira, kyamarori sun ɓace. Na koma na sake aikin kyauta, na kuma ba Alhaji haƙuri.

Tun ranar, kafin mu naɗe kaya sai na adana, na zare wutar suwic da hannuna, na mayar, na ga komai ya dawo daidai. Sannan ƙaramin yarona ya manna takarda a ƙofar akwatin: rami na 1 zuwa 8 ofis, 9 zuwa 20 kyamarori, sauran kuwa, ban da na Wi-Fi ɗin baƙi da na rauta da na suwic ɗin bene na biyu, a kashe suke sai an kira mu.