Gyambon mangwaro: inda aiki ya kai a garka

Ƴan'uwa masu koyon auren itace a garake na bakin kogin Isa, yanzu mun iso kan rassan da ke bushewa daga sama. Alamun ba su ɓuya. Ganye ya ƙone yana maƙale, ƙaro na tsatsa a jikin reshe, ɓawo ya tsage. In kun ɓare ɓawon da farce kuka ga baƙin gari kamar kunkunniya, ku zargi funfunar Neoscytalidium, mai son zafi da ɓawon da rana ta ƙona. Lasiodiplodia ma tana kawo bushewa da ƙaro, ido kuwa ba ya raba su. Sai a kai yankin reshe ɗakin bincike, kamar na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Yamai.

Me ya kawo zancen asalin cuta cikin aikin wuƙa? Masana na gwada ƙwayoyin gadon funfuna daga wurare daban-daban. Inda suka tarar da iri barkatai, galibi can ne gidanta. Inda kuwa duk garake ke ɗauke da kusan iri guda, baƙuwa ce, kuma yawanci hannun mutum ya kawo ta. Haka aka yi da itacen chestnut a Amurka: an gano gyambonsa a New York a 1904, funfunar daga Asiya ta zo cikin dashe, ta kusan ƙarar da shi. Mangwaron Oman da Pakistan ma ya sha mutuwar farat ɗaya daga Ceratocystis, wadda ƙwaron ɓawo ke yaɗawa. Shi ya sa reshen aure na mangwaro irin Kent ko Amélie da ba ku ga uwarsa ba, ku bar shi, komin arharsa.

Yankan rassan da suka kamu kuwa ranar da babu ruwan sama ake yi. A sauka santimita 15 zuwa 20 ƙasa da gyambon, a duba fuskar yankan. In akwai zane mai ruwan ƙasa a cikin itacen, a ƙara sauka har sai ya fito fari tas. Nan mafi yawa ke kasawa, don tausayin reshe, sai cutar ta dawo ƙarƙashin magani. Tsakanin itace da itace a tsoma almakashi cikin jabel, awo 1 a ruwa awo 9, da yamma a ɗauraye a shafa mai saboda tsatsa.

Abin shafawa: sulfat na jan ƙarfe kilo 1, farar ƙasa ta shafen bango kilo 1, ruwa lita 10. A narkar da kowanne daban cikin bokitin roba, domin sulfat na cin ƙarfe, sannan a haɗa a shafa wa fuskar yankan a ranar da aka haɗa. Rassan da aka sare a ƙone su, kada a jingine su a shinge don girki. Aure a kan waɗannan itatuwa sai sun yi sabon toho mai lafiya.